Tafiya Hutu da Yara Bayan Rabuwar Aure: Jagora ga Iyaye a Damagaram

Da zarar an rufe lakwal an shiga babban hutu, ko Sallah ta ƙarato, ƙorafi iri ɗaya ne ke cika zaurukan masu unguwa da ƙofar fada da harabar kotu a Damagaram. Uba ya ɗauki yara zai kai su Kano su gaida kakarsu, mako biyu ya koma wata uku. Uwa ta tafi biki Maraɗi da ƴarta ba ta gaya wa kowa ba, sai a bakin mutane uban ya ji a Kasuwar Dole. Kawu ya ɗauko ɗan ƙanwarsa zai kai shi Daura, aka sauke su a iyakar Ɗan Barto saboda babu ko takarda ɗaya da ke nuna abin da ya haɗa shi da yaron.

Aikina shi ne taimaka wa iyayen da suka rabu su rubuta yarjejeniya a kan ƴaƴansu. Abin da ke ci mini rai, mafi yawan masu faɗawa cikin wannan rigima mutanen kirki ne masu son ƴaƴansu, kurakurai ƴan kaɗan ne kawai ake ta maimaitawa kowace shekara. Yaro yana da haƙƙin ya san dangin uwarsa da na ubansa, ko suna Agadas ko suna Katsina. Amma tafiya ba ta zama ziyara sai an san ranar komowa, an rubuta ta, an kuma cika ta. A kan wannan ranar aka gina duk abin da zai biyo baya.

Tushen maganar

Nijar ba ta da kundin dokar iyali guda ɗaya. An yi yunƙurin kafa shi a farkon shekarun 1990, aka sake a 2011, bai yiwu ba. Dokar tsarin kotuna, tun daga ta 1962 har zuwa ta 1 ga Yuni 2018, ta bar sha'anin aure da saki da nasaba da gado ga al'adar masu shari'a, alƙali yana zama tare da masana al'ada masu ba shi shawara. Sharaɗin shi ne kada al'adar ta ci karo da yarjejeniyoyin da ƙasa ta amince da su. Cikinsu akwai ta haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, kuma ta tanadi cewa yaron da iyayensa suka rabu ya ci gaba da hulɗa da su duka biyu. Dokar sarautar gargajiya ta 2015 kuma ta ba sarakuna ikon sasanta mutane da rubuta takardar sulhu.

A ƙasar Damagaram al'ada tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da fikihun Malikiyya. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta ba uwa riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare. Idan uwa ta auri wani bare, riƙo yakan koma ga kaka ta wajen uwa. A aikace kuwa, gidaje da yawa suna mayar da yaro wurin uba bayan yaye ko da ya kai shekara bakwai. Shi ya sa ba a ɗauka an san mai riƙo sai an duba.

Muhtasar na Halil ya raba tafiya gida biyu. Akwai ta ƙaura, wadda mutum zai tare a wani gari mai nisan baridi shida, wato mil 72 a lissafin malamai, fiye da kilomita 100. Wannan tana iya sauya wanda ke riƙon yaro, kuma ko ita sai hanya da garin da za a je suna da aminci. Akwai ta ziyara ko fatauci, wadda ba ta sauya komai: uba ba ya karɓe yaro da ita, uwa ba ta rasa riƙo da ita. Mirya, mai kilomita 18, tana kusa. Maraɗi da Kano, kowace kimanin kilomita 240, da Agadas mai kimanin 450, da Yamai mai kusan 900, duk sun wuce wannan iyaka. Ke nan duk wanda ya tafi can da yaro ba ranar komowa, ya buɗe ƙofar a ce ƙaura ya yi da shi.

Abubuwan da za a tanada

- Takardar da ta tsayar da riƙo: hukuncin kotu, ko takardar sulhu ta fada ko ta mai unguwa.
- Takardar haihuwar kowane yaro, da kwafinta.
- Takardar amincewar wanda ba ya cikin tafiyar, da hatimin hukuma.
- Katin ɗan ƙasa na mai tafiya, da kwafin katin wanda ya ba da izini.
- Katin lakwal na yaro mai hoto, da fasfo idan tafiyar jirgi ce ko ƙasa mai nisa.
- Littafin asibitin yaro da katin rigakafi, har da na shawara idan za a ƙetare iyaka.
- Shaidu biyu, ɗaya daga kowane dangi.
- Lambar wayar mai masauki, da kuɗin motar komowa a ware daban.

Mataki na 1: A fara da karanta takardar riƙo

Kafin a yi wa kowa magana, a ɗauko takardar a karanta, ko a kai wa wanda ya iya Faransanci ya fassara ta layi-layi. Wa aka ba riƙo? An ambaci hutu da Sallah? An hana fita da yara daga gari? Kuskuren da iyaye maza suka fi yi shi ne ɗaukar cewa tunda su ke ciyarwa, ba sa bukatar izinin kowa. Na iyaye mata kuwa, tunda yaro yana ɗakinsu, ba sai uba ya sani ba. Dukansu sun kauce. Uba waliyyi ne ko yaro ba ya gidansa, uwa kuma mai haƙƙi ce ko riƙo ba ya hannunta. Idan yaro yana wurin kaka ko gwaggo, ita ma sai an nemi bakinta. Idan babu takarda sam, saki ne na baki kowa ya kama gabansa, to wannan tafiyar ce dalilin zuwa gaban mai unguwa a rubuta.

Mataki na 2: A nemi izini da wuri, ta bakin da ya dace

Ba a fafe gora ranar tafiya. A ba da aƙalla wata ɗaya idan za a fita ƙasa, mako biyu idan cikin ƙasa ne. Wanda aka zo wa da magana ana gobe tafiya zai ji an raina shi, ya ƙi ko da a ransa ba ya ƙin tafiyar. Takardu ma suna cin lokaci.

Idan ana gaisawa, a yi magana kai tsaye cikin mutunci: «Maman yara, ina so in kai su Kano su ga Hajiya a wannan hutu. Ga ranar da nake tunani, ki duba ki gaya mini.» Idan ba a ga maciji, a bi ta baffa ko kawu ko liman. Abu ɗaya ne ba a yi: aiken yaro da saƙon. Yaron da aka ce wa «je ka gaya wa uwarka za mu tafi» an ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. In ta ƙi, zai ga ita ta hana shi. In ta yarda don kada ya yi kuka, yardar ba ta kai zuci ba. Kada a yi wa yara albishir sai manya sun gama magana.

Wanda aka nemi izininsa shi ma yana da nauyi. Ƙin yarda don ramuwa zalunci ne ga yaro. In akwai dalili na gaskiya, kamar rashin lafiya ko rashin tsaron hanya, a faɗe shi, a kawo wata rana ko wani sharaɗi.

Mataki na 3: A rubuta, a sa rana da lamba

Takardar amincewa ta amsa tambaya biyar: ina za a, gidan wa za a sauka, wa zai yi rakiya, wace hanya za a bi, yaushe za a komo. Ga yadda take kasancewa:

«Ni wance ƴar wane, mazauniyar unguwar Zango a Damagaram, mahaifiyar wane da aka haifa rana kaza, na yarda mahaifinsa wane ya tafi da shi Kano, unguwa kaza, gidan wance, ta hanyar Matamai da Daura. Za su tashi 10 ga Agusta, ya komo da shi hannuna 31 ga Agusta. Wannan ziyara ce, ba ta sauya riƙo ba.»

Jimlar ƙarshen nan ita ce ke kare kowa. A guji «bayan Sallah», «in an buɗe lakwal», «in Hajiya ta ji sauƙi». Bayan Sallah ba ya ƙarewa, kuma an ga shekarar da ranar buɗe lakwal ta motsa: a 2024, daminar da ta rusa tsohon masallacin Birni ta sa aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba.

A ƙara layi a kan abin da ya fi ƙarfin mutum. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya faɗo a tsakiyar babban hutu, aka rufe iyakar Nijar da Najeriya, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Don haka a rubuta cewa in hanya ta yanke, mai tafiya zai sanar a ranar, kuma zai komo da yaro cikin kwana kaza da buɗewarta. A rubuta wanda zai biya mota da magani. A kuma faɗa ƙarara cewa kuɗin ciyarwa na wata ba ya tsayawa, in ba an yi yarjejeniya a kai ba, domin a nan ne faɗa ke tashi bayan an dawo.

Mataki na 4: A buga hatimi, a daidaita sunaye

Takardar da aka rubuta a zaure da Hausa ta isa shaida tsakanin dangi. Jami'in kan hanya kuwa hatimi yake nema. A yi ta da Faransanci, mai ba da izini ya je da kansa da katinsa zuwa ma'aikatar magajin gari ta gundumarsa, cikin biyar ɗin da birnin ke da su, ko komisariya, a tabbatar da sa hannunsa. A tambayi ƴan sanda a can abin da ake nema a iyakar da za a bi a wannan lokaci, domin ƙa'idoji suna motsi tun da Nijar ta fita daga SEDEYAWO a 29 ga Janairu 2025. A yi kwafi uku: na mai tafiya, na wanda ya zauna, na shaida. A ɗauki hoton kowace takarda a waya.

Sai a jera takardun a kan tabarma a duba sunaye harafi-harafi. Sau da yawa sunan uba a katinsa daban yake da yadda aka rubuta shi a takardar haihuwar ɗansa, nan Mahamadu can Mamman. Uwa kuwa sunanta ba ya cikin sunan yaro, takardar haihuwa ce kaɗai ke nuna ita ta haife shi. In ba a yi wa yaro takarda cikin kwana 60 da dokar 2019 ta tanada ba, sai an bi ta kotu a samu hukuncin da ke tsayawa a madadinta. Wannan ba aikin mako ɗaya ba ne.

Mataki na 5: Lafiya kafin jaka

Babban hutu lokacin damina ne, lokacin zazzaɓin cizon sauro. Daga Yuli zuwa Oktoba ana raba wa yara ƴan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin kariya wata-wata. A duba kada tafiya ta sa yaro ya tsallake zagaye. A sa gidan sauro cikin kaya, kada a dogara da na masauki. A duba katin rigakafi: mashaƙo ya yi ɓarna a 2023 a gundumar Matamai da kuma Kano, kan hanyar da muke bi ke nan. Yaro mai sikila ko asma ko farfaɗiya, a rubuta sunan maganinsa da lokutan sha, a kuma ba da na kwanakin tafiya da ƙari. Uban da ba ya kwana gida ɗaya da yaro bai san waɗannan ba, kuma ba abin kunya ba ne ya tambaya. A tuna cewa tsarin kula da ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta na Nijar ne, ba ya ƙetare iyaka.

Mataki na 6: Miƙa yara

A yi shi da rana, a ƙofar gida ko gidan kaka, gaban shaida. Mai riƙo ta buɗe jaka a gani: kaya kala nawa, ga magani, ga littafin asibiti, ga takardu cikin leda saboda ruwa. A rubuta lambar wayar iyaye biyu a ƴar takarda a sa a aljihun yaro, babba kuma ya haddace. Sannan a faɗi ranar komowa a kunnen yaron: «Ka ji, ranar 31 Baba zai maido ka.» Yaron da ya san ranar yana tafiya da kwanciyar hankali. Tsohuwar rigima ba ta da wuri a nan, haka ma kuka da jan hannu.

Mataki na 7: Hanya da iyaka

A tashi da safe, a isa da rana, a shiga motar tasha da ke rubuta sunayen fasinja. Masu zuwa Najeriya su bi ƙofofin hukuma: Matamai zuwa Ɗan Barto zuwa Daura, ko Magarya zuwa Ɓaɓura, ko Dungas zuwa Maigatari. Kada a ɗora yaro kan kabu-kabu a bi ɓarauniyar hanya don gudun tambaya. Wanda aka kama haka, ko ubansa ne, ya riga ya sa wa kansa zargi.

Tsaurin jami'ai yana da dalili. A Oktoba 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara, da yawa ƴan ƙasar Kance. Nijar tana da dokar yaƙi da fataucin mutane tun Disamba 2010, kuma a Damagaram aka buɗe cibiyar farko ta karɓar waɗanda aka yi fataucinsu a 2019. Mace mai yara a hanyar Tanut zuwa Agadas ta sa ran tambaya sosai.

Jami'i yakan ja yaro gefe ya durƙusa ya ce, «Yaya sunanka? Wane ne wannan?» A nan ake samun matsalar da ba a zata ba. Yaron da aka sa wa sunan kakansa, tun haihuwa Abba ake ce masa a gida, bai taɓa jin sunan da ke takarda ba. Jami'i ya kira sunan yanka, yaro ya yi shiru yana kallon ƙasa. Kafin tafiya a koya masa sunansa na takarda, da na ubansa, da na uwarsa, da unguwarsu. Kada a koya masa ƙarya, kamar ya ce wa mijin uwa ko kawu «babana ne». Wanda ya zauna a gida ya bar wayarsa a buɗe ranar, domin ana iya kiransa daga shingen.

Mataki na 8: Amanar masauki

Da isa a kira, a ba yaro wayar ya yi magana da bakinsa. A tsayar da lokacin kira, misali kowace Juma'a da Talata bayan la'asar, a kuma bar yaro ya yi magana ba tare da an tsaya a kansa ba.

Izinin ziyara izinin ziyara ne kawai. Ba a yi wa yaro kaciya, ba a sa shi wata makaranta, ba a ba malam shi almajiranci, ba a bar wa gwaggo shi riƙo, ba a karɓar gaisuwar auren yarinya, ba a wucewa da shi wani gari da ba a rubuta ba. Matsin lambar daga dangi take zuwa: «Bar mana shi ya yi shekara, ai ɗanmu ne.» Amsar ita ce, «Gwaggo, amana na ɗauko gaban shaidu. Bari in mayar, in ya so a nemi izini daga baya.» A kuma tsawata wa duk mai zagin uwar yaro ko ubansa a gabansa.

Mataki na 9: Komowa a ranar

A shirya isowa kwana ɗaya kafin ranar da aka rubuta, saboda mota tana ɓaci, ruwa yana cin hanya. A mayar da yaro hannun wanda aka karɓe shi, gaban shaidar nan, da takardunsa na asali duka. Riƙe takardar haihuwa don a ja wa ɗayan rai yaron yake cutarwa ranar jarrabawa. A faɗi duk abin da ya faru, ko zazzaɓin kwana ɗaya ne, da maganin da aka ba shi. Mai karɓa kuma kada ya titsiye yaro da tambayar wa ya gani, me matar ubansa ta ce.

Idan rana ta wuce ba a komo ba

Kada a tara ƴan'uwa a tafi ƙwato yaro. A kira mai tafiya, a kira mai masauki, a sanar da shaidu a ranar. In kwana biyu sun wuce ba gamsasshen bayani, a kai wa mai unguwa, daga nan fadar Sarkin Damagaram a Birni, inda maganar sarakuna takan kai har masarautun ƙetaren iyaka. In sulhu ya ƙi, sai babbar kotun Damagaram ko kotun gunduma. Kundin hukunta laifuka na Nijar ya tanadi ɗauri da tara ga uba ko uwar da ya ƙi miƙa yaro bayan kotu ta yanke wanda zai riƙe shi. Marar hali ya nemi ofishin ANAJJ, hukumar taimakon shari'a da aka kafa a 2011, ya kuma sanar da ma'aikatar kare yara ta jiha.

A san wannan tun kafin a sa hannu: Nijar da Najeriya ba sa cikin yarjejeniyar Heg ta 1980, wadda ke tilasta mayar da yaron da ɗaya daga iyaye ya gudu da shi wata ƙasa. Da zarar yaro ya ƙetare, maido shi yana rataye ne a kan dangi da sarakuna da shari'a mai tsawo. Saboda haka wanda ya taɓa saɓa alkawari, a fara gwada shi da tafiya ta kusa cikin ƙasa, ko a haɗa shi da ɗan rakiya daga ɗayan dangin.

Wanda ya cika ranar bana, baɗi ba zai sha wahalar neman izini ba, kuma yaro ya samu gida biyu da yake shiga ba fargaba. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu ikon riƙe amanarsu.